A Gyara Lodi Kafin a Sayi Ƙarfe

A Amurka, inda iyalai da dama ke yawon hutu cikin mota mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, kukan direbobi kusan ɗaya ne: motar tana tangaɗi idan tirela ta wuce ta, ko iska ta buso daga gefe, kamar yadda ake fama a babbar hanyar I-80 ta jihar Wyoming. Dalili a fili yake. Jikinta dogo ne, nauyinta yana sama, bayanta kuma ya zarce tayoyin baya sosai. Da yawa sukan garzaya su sayi sandar ƙarfe mai rage karkata ko sababbin shokozoba. Suna da amfani, amma a ganina ba daga nan ake farawa ba. A fara hawa sikeli, a san nauyin da ke kan tayoyin gaba da na baya, a sa iskar taya daidai da shi. Kaya masu nauyi su sauko ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ruwa ma nauyi ne: lita 300 kilo 300 ce. Sannan a rage gudu idan iska ta taso. Mai ɗauke da iyalinsa, ya fara da waɗannan kafin ya nufi kanti.