Turaren biki daban, turaren shiga lakca daban

Jama'a, 'yan uwana ɗalibai na nan Kontagora, yau maganar turare zan yi, kuma na san wasu za su ji haushina.

Kusan duk wanda ya je sayen turare a cikinmu tambayarsa ɗaya ce, yana kama jiki? Idan mai shago ya rantse cewa ko an wanke riga ƙamshin na nan, shi ke nan, sai a biya. A ganina wannan tambayar ce ke cutar da mu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kusantar digiri 40, mutum zai yi wanka da al'ud ko Khamrah ɗin Lattafa mai ƙamshin kirfa da dabino, ya shigo aji cike da jama'a ƙarfe 12 na rana. Zafi yana ƙara tayar da turare, ga gumi ya haɗu da shi. Na kusa da kai wataƙila mai asma ne ko mai yawan ciwon kai. Kunya ba za ta bar shi ya yi maka magana ba, sai dai ya daure, ko ya fice ya rasa lakcar da shi ma kuɗi iyayensa suka biya.

Ba raina humra da turaren wuta nake yi ba, namu ne. Amma wurinsu gidan biki ne, ko cikin ɗaki, ko sanyin Disamba.

Na shiga aji da rana shi ne mai ƙamshin lemo: lemun tsami, lemun zaƙi, da wani ɗan uwansu da ake kira bergamot, wanda akasarinsa a Kalabriya ta kudancin Italiya ake nomawa. Ba sabon yayi ba ne. Tun 1709 Johann Maria Farina ya haɗa irinsa a birnin Cologne na Jamus, daga nan sunan Eau de Cologne ya samo asali. Irin wannan ƙamshin yana sa a ji kamar yanzu ka fito daga wanka, kuma ba ya cika wa kowa hanci.

Na san abin da za ku ce: ba ya daɗewa. Gaskiya ne, amma hakan ba ya nufin an sayar maka da jabu. Man ɓawon lemo ba shi da nauyi, shi ke fara tashi ya bi iska, a zafinmu kuwa abin ya fi sauri. Miski da ƙamshin itace su ne masu zama. Don haka ka nemi wanda ya buɗe da lemo amma akwai miski ko itace a ƙarƙashinsa. Club de Nuit Intense Man na Armaf haka yake, sai dai shi ma yana da ƙarfi, fesa biyu ya wadatar. Mai ƙaramin aljihu, ko wanda ya fi natsuwa da na mai, akwai ɗan kwalbar Silver na Al-Rehab, ka jefa a jaka ka ƙara shafawa bayan Azahar. Ka duba rubutun kwalba kuma, EDP ya fi EDT yawan man turare, Cologne ne mafi ƙaranci.

'Yan mata, wannan taku ce. Ba duk mai ƙamshin 'ya'yan itace ne mara nauyi ba. Yara ɗin nan da ta cika hostel, ƙarƙashinta vanilla ce mai zaƙi, da rana tsaka tana iya hawa kai kamar al'ud. Idan ƙamshin ya fi kama da alewa fiye da lemon da aka ɓare yanzu, ki ajiye shi sai yamma.

Wani abu kuma, hanci yana sabawa da ƙamshin da ke jikin mai shi. Bayan ɗan lokaci kai ka daina ji, mu kuwa muna ji sosai. A nan ne mutum ke ƙara fesa biyar yana zaton turaren ya gudu. Dan Allah ka tambayi abokin ɗakinka kafin ka ƙara.

Wajen saye, kada ka yanke hukunci da shinshina murfi. A ɗiga maka a wuyan hannu, ka zaga kasuwa na rabin awa, abin da ya rage a lokacin shi za ka yini da shi. Idan ka kai ɗaki kada ka ajiye kwalbar a bakin taga, zafi da haske suna saurin lalata mai lemo, ƙamshinsa ya juye. Cikin akwati tsakanin kaya ya fi. Sannan man bergamot da ba a tace ba yana iya barin baƙin tabo a fata idan rana ta dake shi. Manyan kamfanoni suna kiyaye wannan, amma na ɗure da ake aunawa a kwalba mara suna ba ka san me ke ciki ba. Irinsa a shafa a riga ko gefen mayafi, kuma a fara gwadawa ta ciki idan farin yadi ne, don mai yana barin shaida.