Gashinmu da Wuta

Duk wadda ta yi 'yanmatancinta a Kano ko Zariya ko Kaduna tsakanin shekarun 1980 da 1990 ta san matajin ƙarfe. A kan risho ake ɗora shi, wani gidan ma a kan garwashi, sai ya ɗau zafi a ciro a gwada a jikin tsumma. In tsumman bai ƙone ba, to kanki ne na gaba. A lafta miki basilin, a ce ki riƙe kunne ki sunkuya, kina jin ƙauri kina jin tiriri a ƙeya amma ba halin motsi. Gashi ya kwanta luf, ya yi sheƙi, ki fita kina yauƙi. Kwana biyu gumi ko yayyafi ya taɓa shi, ya koma gidan jiya. Da yawa cikin sa'o'ina har yau da tabon ƙuna a saman kunne.

Ba mu muka ƙago wannan ba. Gyaran gashi da ƙarfe mai zafi ya yi suna ne a Faris a hannun Marcel Grateau cikin shekarun 1870, daga baya ya ƙetara Amurka, inda baƙaƙen fata suka rungume shi don halin da suke ciki: macen da gashinta bai kwanta ba, da wuya ta samu aikin kirki. Madam C.J. Walker, wadda ta rasu a 1919, ba ita ta ƙera matajin ba kamar yadda ake yawan faɗa, sai dai dubban matan da ta horar suna bin gida-gida da mayukanta sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa shi. Bayan mataji sai man miƙar da gashi, rilaksa. Garrett Morgan ya fara sayar da irinsa a farkon ƙarni na 20, George Johnson na Chicago kuma ya fitar da Ultra Sheen a 1957. Baƙaƙen fatar Amurka dai suna da dalilinsu, kuma dalili ne mai ɗaci. Mu da muke yawo da ɗankwali da gyale, ba wanda ya hana mu aiki saboda gashi. Kwali muka gani a kanti da hoton yarinya tana murmushi, muka kalli 'yan matan finafinan Indiya gashi har gadon baya, muka bi.

Kafin nan iyayenmu suna da tsarinsu. A yi tsifa, a wanke da sabulun salo, a zauna a tsakar gida kai ya sha iska, a shafa man shanu ko man kaɗe, makitsiya ta zo ta yi shuku ko zane ko kalaba, tsofaffi su yi doka. Ba na cikin masu cewa komai na da zinare ne. Akwai makitsiyar da in ta kama kanki sai girarki ta ɗaga, kwana uku ba ki iya ɗora goshi a ƙasa da daɗi, kuma irin wannan jan shi ya cinye gashin goshin mata da yawa tun kafin rilaksa ta iso. Akwai kuma masu barin kitso wata biyu ba wanki. Amma abu ɗaya suka gane: gashin nan laushi yake so da a ƙyale shi, kuma ba su taɓa yi masa kallon abin da ya zo a karkace sai an gyara ba.

Yanzu 'ya'yanmu suna barin rilaksa, kuma suna da hujja. A Oktoban 2022 masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 da suka yi kusan shekara 11 suna yi. A cikin waɗanda ba su taɓa amfani da sinadaran miƙar da gashi ba, an ƙiyasta kusan 1.6 cikin 100 ne za su kamu da kansar mahaifa kafin su cika shekara 70. A cikin masu shafawa fiye da sau huɗu a shekara, adadin ya kai kusan 4 cikin 100. Alaƙa binciken ya nuna, bai yanke cewa man ne kaɗai sanadi ba, amma ya isa mai hankali ta tsaya ta yi tunani. Abin da ke damuna shi ne inda da yawa suka koma. An ajiye kwalin rilaksa, an ɗauko na'urar busar da gashi, daraya, an murɗa ta har ƙarshe an ɗora ta a kan gashi ana ja da buroshi sai ya miƙe ɗoɗar. Kayan aiki ne ya sauya. Burin nan na zamanin risho yana nan daram.

Ita darayar ba don wannan aka fara yin ta ba. Wani Bafaranshe mai gyaran gashi, Alexandre Godefroy, ya haɗa ta farko a ƙarshen shekarun 1880: mace ta zauna, a kifa mata hula da aka jona da bututun murhun gas. Ta hannu ta shigo kasuwa wajen 1920, mai nauyi, jikinta ƙarfe, ƙarfinta bai wuce wat 100 ba. Ta yau tana kai wat 1,800 zuwa 2,000. Wutar da ke hannun 'yar sakandare a yanzu ta ninka ta wancan zamani kusan sau ashirin, kuma akasarin masu ƙera ta ba kanmu suka duba ba lokacin da suke zana ta.

Sai an san yadda silin gashi yake kafin a gane ɓarnar. Gashi furotin ne mai suna keratin, an lulluɓe shi da ɓawo-ɓawo a jere, ɗaya bisa ɗaya. A cikinsa akwai ɗauri iri biyu da suka shafe mu. Ɗaya mai rauni ne, ruwa da zafi suna kwance shi, in gashin ya bushe ya sake ƙulluwa a yadda aka bar shi. Shi ya sa aikin mataji da daraya yake rushewa da zarar danshi ya taɓa. Ɗayan mai ƙarfi ne, shi rilaksa take tsinkawa, kuma in ya tsinke ba ya komawa. Zafi mai tsanani ma yana lalata furotin ɗin har abada, abin da ke sa wata ta wanke kai bayan an miƙar mata ta tarar wasu wurare sun ƙi nannaɗewa, sun zama lagwai-lagwai ba rai. Silin gashinmu kuma ba da'ira ba ne kamar na mutanen Sin, a ɗan shafe yake, yana murɗawa yana lanƙwasa, kowace lanƙwasa kuwa wurin karyewa ce. Man da fatar kai ke fitarwa yana sha da ƙyar kafin ya bi waɗannan kwanoni ya kai ƙarshen sili. Don haka tun asali bakin gashinmu a bushe yake, hunturu ya zo ya ƙara, mu kuma mu ɗora masa wuta.

To a jefar da daraya ke nan? A'a. Wasu likitocin fata a Koriya ta Kudu sun wallafa wani gwaji a 2011 da ya kamata kowace mai salun ta sani. Sun yi ta wanke gashi suna busarwa ta hanyoyi daban-daban. Daga nisan santimita 15 zafin da ke sauka a kan gashi digiri 47 ne, daga santimita 10 ya kai 61, daga santimita 5 ya kai 95, dab da tafasar ruwa. Iya matsowa iya fashewar ɓawon sili. Abin da ba a zata ba shi ne gashin da aka bari ya bushe da kansa: bayansa lafiya lau, amma abin da ke manne ƙwayoyinsa daga ciki ya taɓu, don ya daɗe a jiƙe. Suka ce busarwa daga santimita 15, hannu yana motsi ba tsayawa, ta fi barin gashi a jiƙe sauƙin illa. Santimita 15 kusan taƙi guda ne. Wannan taƙin shi ne rabin ilimin daraya.

A wurinmu ma maganar jiƙa ta fi ta Koriya nauyi. Macen aure tana wankan tsarki a kai a kai, kuma shari'a ta sauƙaƙa mata: a hadisin Ummu Salama da ke Sahihu Muslim an nuna ba sai ta kwance kitso ba don wankan janaba, ta zuba ruwa sau uku ya ratsa. Ruwan ya shiga, amma ta ina zai fita? Kai mai cika, a kitse, an ɗaura ɗankwali an ɗora hijabi, sai ya yini har dare tushensa da lema, musamman da damina. Ɗumi da danshi da maiƙo kuwa su ne abin da ƙwayar da ke haddasa amosanin kai take so. Daga nan ƙaiƙayi, daga nan warin da mace ke jin kunyar faɗa ko ga ƙawarta. A nan ne daraya take da aiki na gaskiya a ɗakin Bahaushiya: minti goma na iska mai ɗan ɗumi ana bin tsagar kitso kafin a ɗaura ɗankwali.

Wadda ta fahimci haka, zaɓin daraya ya yi mata sauƙi. Kayan shanya sun fi saurin bushewa ranar da iska ke kaɗawa fiye da ranar da ake zafi ba motsi, haka gashi. Ki nemi darayar da maɓallin zafi daban, na ƙarfin iska daban, don ki iya buɗe iska sosai ki rage wuta. Masu arhar nan maɓalli ɗaya gare su, iska na ƙaruwa zafi na ƙaruwa, kuma su ne suka fi ƙona kai. Ki duba akwai maɓallin iska mai sanyi, da shi ake rufe aiki. Ki duba bakunan da take zuwa da su: mai haƙoran mataji na masu son gashi ya ɗan saki kafin kitso, mai kama da kwano da yatsu a ciki na masu son nannaɗewarsu ta tsaya yadda take, don yana baza iska ba ya hargitsa gashi. Akwai kuma hular yadi da ake jonawa a bakin daraya, ta fi komai dacewa da kai mai kitso. Ki juya bayanta ki ga ko ragar tana ciruwa, domin ƙurarmu tana toshe ta cikin 'yan watanni, in ta toshe iska ta ragu zafi ya hau. Ki ɗaga ki ji nauyi, kai mai cika ba aikin minti biyar ba ne.

Sannan ga abin da mai kanti ba zai tuna miki ba. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120. Darayar gwanjo ko tsarabar da aka kawo daga can, in ba an rubuta tana ɗaukar biyun ba, kina jonawa za ta ƙone. Ƙaramin janareta mai shan fetur haɗe da baƙin mai ba ya kai wat 1,000, ba zai ɗauki mai 2,000 ba, haka ƙaramar sola. In mita gare ki, rabin awa da mai 2,000 yunit guda ke nan. Ga gidan da wuta ba ta da tabbas, mai wat 1,200 da ke da iska mai kyau ta fi babbar da za ta zauna a kwali. Kalmomin da ake jerawa a jikin kwali kuwa, su ayonik da siramik, suna ɗan rage tashin gashi da daidaita zafi, amma ba su kai kuɗin da ake ɗora musu ba. Kamfanin Dyson ya fitar da tasa a 2016 a kan kusan dala 400, tana auna zafin iska da kanta don kada ya wuce kima. Aiki ne mai kyau, sai dai hannun da ya san taƙi yana yin mafi yawansa kyauta.

Sauran duk haƙuri ne. Kada a dirje kai da tawul, a matse ruwan da tsohuwar riga ta auduga. A raba gashi gida huɗu ko shida, a shafa abin laushi tun yana da danshi, a warware da yatsu sannan da mataji mai faɗin haƙori, daga baki zuwa tushe. In za a yi amfani da zafi a sa maganin kariya da aka yi don haka. Man kaɗe da man kwakwa suna riƙe danshi, amma ba garkuwar wuta ba ne. A kama bakin gashi a ɗan ja, iska tana bi daga tushe zuwa ƙasa, a tsaya tun da sauran ɗan sanyi a jikinsa. Mai son tsawonsa ya fito ba tare da wuta ba, ɗaurin zare na nan, kwana ɗaya ya isa. Ko garin cebe na matan Chadi da ake ta rububi, ba daga tushe yake tsiro da gashi ba. A jikin gashin suke shafa shi da mai su kitse su bar shi, karyewa ta ragu, tsawon da Allah ya bayar ya zauna.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne salun a jajibirin Sallah da ranar kamu. Layi ya yi tsawo, janareta na shan mai, yarinyar shago tana so ta sallame ki ta kama ta gaba, sai ta murɗa wuta har ƙarshe ta manna bakin daraya a gashinki. Ba mugunta ba ce, sauri ne. Ki buɗe baki ki ce, "'Yar ƙanwata, rage wutar nan, ɗan ja da ita baya, ba na sauri." In kuma kin san ba za ki iya faɗa ba ana kallonki, ki je tun saura kwana uku, da hantsi, lokacin da shagon ba kowa.