Asusun MahamaCares da tiyatar babbar jijiya: wane aiki ne ya dace da dattawanmu?

Tun da Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da asusun jinya na MahamaCares a 2025, hirar da na fi ji a Zango ita ce ta wankin ƙoda da ciwon daji. To amma cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini ma suna cikin abin da asusun ya ɗauki alkawari, kuma nan ne inshorar NHIS ta daɗe da barin giɓi, domin ba ta biyan tiyatar zuciya sai dai wadda hatsari ya jawo. Akwai cuta guda a cikinsu da nake ganin za ta nuna ko za a kashe kuɗin nan da basira: kumburin awota.

Awota ita ce uwar jijiyoyin jini. Daga zuciya take tasowa, ta lanƙwasa, ta bi ta ƙirji har cikin ciki. A ƙuruciya tana da danƙo, tana buɗewa tana komawa da kowane bugun zuciya. Zaren da ke ba ta wannan danƙon jiki ba ya sabunta shi sosai, don haka da tsufa bangon sai ya sandare, ya kuma soma faɗaɗa. Hawan jini da taba sigari su ke ƙara wa abin gudu. A ciki, faɗinta bai cika wuce santimita 2 ba. In ya kai 3, likita zai ce ta kumbura. Kamar tsohon tib ɗin keke ne, inda ya yi ƙulu nan ya fi rauni, kuma yana ƙara girma yana ƙara rauni. Abin tsoron shi ne galibi ba ciwo, ba alama. Ranar da ta fashe, sai dai a ji dattijo ya ce bayansa ko cikinsa, ya yanke jiki ya faɗi. Kusan takwas cikin goma ba sa tashi. Ita ce ta yi ajalin Albert Einstein a 1955.

Shi ya sa ake yin aiki tun kafin ta fashe, yawanci idan faɗin ya kai santimita 5.5 ga namiji, ko 5 ga mace. Ƙasa da haka, hatsarin tiyatar ya fi na zama da ita, sai dai a riƙa aunawa.

Hanya biyu ce. Tsohuwar, wadda Charles Dubost ya fara a Paris a 1951, a buɗe ciki, a ɗaure jijiyar sama da ƙasa, a ɗinka bututun da zai maye gurbin inda ya lalace. Yau na wani yadi mai ƙarfi ake sawa. Aiki ne babba, da kwanaki a asibiti da watanni ana murmurewa. Sabuwar kuwa, wadda Juan Parodi ya yi a Ajantina a 1990, ta jijiyar matsematsi ake zura bututu mai ragar ƙarfe, a buɗe shi daga ciki. Ba a tsaga ciki, kuma majinyaci na iya komawa gida cikin kwana biyu ko uku.

Kowa ya ji wannan zai ce ai sabuwar ce. Ni fa ban ga haka ba, a halin da muke ciki. Bututun da aka zura yakan gusa ko ya yi yoyo, don haka sai an riƙa ɗaukar hoto har ƙarshen rayuwa, wani lokaci a sake aiki. Binciken da aka yi shekara da shekaru a Birtaniya ya nuna ribar da yake da ita a farko tana gushewa, har hukumarsu ta NICE a 2020 ta fifita buɗe ciki ga wanda jikinsa zai ɗauka. Su ke nan da asibiti ke bakin ƙofa. To dattijon da ya taso daga Bawku ko Yendi zuwa Korle Bu fa, wa zai biya masa mota da hoto duk shekara? In asusun zai sayi bututun waje mai tsada, dole ya ɗauki nauyin bibiyar ma. In ba haka ba, gara a horar da likitocin fiɗa a Kumasi da Tamale, a bar sabuwar hanyar ga masu rauni.

Kuma duk wannan sai an gano cutar. A Ingila ana gayyatar kowane namiji hoton ciki sau ɗaya idan ya cika 65. Ba na cewa mu kwafa kai tsaye, tunda cutar ta fi yawa a Turawa. Amma na'urar da ake dubawa da ita, ita ce dai wadda ake yi wa masu juna biyu hoto da ita a asibitocin gundumomi, kuma aikin minti goma ne. Mai shekara 65 da ya sha taba, ko ya daɗe da hawan jini, ko aka taɓa samun cutar a danginsa, ya kamata a ce asusun ya biya masa wannan hoton tukuna.