KIWO DA LAFIYA: Ba A Kiwon Kare Ranar Farauta

A makon jiya mun yi alkawarin ci gaba da maganar kiwon tumaki, sai ga wata takarda ta iso mana daga Mubi ta Jihar Adamawa, wadda muka ga ya kamata mu ajiye tumaki tukuna mu amsa ta, domin abin da ya dami mai ita ya dami magidanta da yawa, sai dai kunya ta hana su tambaya.

Mai takardar ɗan kasuwa ne da ke zaune a unguwar Lokuwa, yana kuwa da awaki da 'yan tumaki a gida. Ya ce sau biyu ɓarayi suna haura masa katanga, saboda haka ya roƙi wani abokinsa mafarauci daga ƙauyukan gindin duwatsun Mandara, ya ba shi kwikwiyo mai kamar mako biyar da haihuwa. Tun ran da ya kawo shi, in ji shi, barci ya ƙaurace wa gidan. Kwana yake yi yana kuka, kashi da fitsari kuwa ba inda ya bari, daga bakin madafa har kan tabarmar yara. Ya doke shi, ya cusa hancinsa cikin ƙazantar kamar yadda aka ba shi shawara, amma abin da ya samu shi ne, yanzu da kwikwiyon ya hango shi sai ya shige ƙarƙashin rumbu ya yi abinsa a ɓoye. Uwargida ta ce ta gaji, maƙwabci ya fara ƙorafi. Tambayarsa ita ce: ya kai shi bayan gari ya yar, ko kuwa akwai wata dabara?

To Malam, kada ka yar da shi. Malamanmu sun yi bayani cewa an yarda a riƙe kare domin farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona, kai kuwa domin dabbobinka ka nemo shi. Amma duk wanda ya raba dabba da uwarta ya ɗauki amana. Kwikwiyon da aka yar, in bai mutu da yunwa ba, shi ne gobe zai zama karen bola, marar ubangida, marar rigakafi, wanda zai ciji ɗan wani. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Karen da kake so ya tsare maka garke badi, a cikin waɗannan watanni uku ko huɗu na farko ake gina shi.

Kuskure na farko ba na kwikwiyon ba ne, naka ne da abokinka, don kun yi gaggawar raba shi da uwarsa. Kwikwiyo ba ya buɗe ido sai ya yi kwana 10 zuwa 14, kuma bai kamata a ɗauke shi ba sai ya cika mako 8. A wajen uwarsa da 'yan'uwansa yake koyon yadda ake wasa ba tare da cizo mai zafi ba. Kukan da yake yi da dare ba iya shege ba ne, kewa ce da sanyi. Tun da aikin gama ya gama, sai ka zame masa uwa. Ka yi masa 'yar rumfa a kusa da garken awaki, inda ba ruwa ba rana, ka shimfiɗa masa tsohon buhu. Cikin 'yan kwanaki kukan zai ragu.

Kuskure na biyu shi ne duka. Kare ba ya haɗa laifin da ya yi ɗazu da sandar da ta same shi yanzu. Idan ka tarar da kashi ka kira shi ka doke shi, abin da ya koya kawai shi ne zuwa wurinka akwai wahala, kuma yin kashi a gabanka haɗari ne. Shi ya sa ya koma ƙarƙashin rumbu. Cusa hancinsa cikin ƙazanta kuwa ba ya koya masa komai sai tsoro. Karen da aka rena da tsoro, ko dai ya tashi matsoraci wanda ɓarawo zai kora da tsawa ɗaya, ko ya tashi mugu wanda ba ya bambanta ɓarawo da baƙo.

Ga yadda ake yi. Da farko ka zaɓi wuri ɗaya a ƙarshen gida, nesa da rijiya da madafa da wurin salla da inda yara ke wasa, ka zuba yashi. Nan ne makewayinsa. Sa'an nan ka san lokutan da cikinsa ke motsawa, domin ba su da wuyar ganewa: da ya tashi daga barci, da bayan ya ci abinci ko ya sha ruwa, da bayan ya yi wasa, da kuma kafin ya kwanta da dare. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta a ɗauke shi a kai shi wurin, a tsaya har ya yi. Da ya gama, nan take, a yaba masa da murya mai daɗi, a ba shi ɗan guntun nama ko ƙanzo. Sirrin abin yana cikin wannan "nan take" ɗin. In aka jinkirta har aka dawo tsakar gida, ba zai san abin da aka saka masa a kai ba.

A tuna fa mararsa ƙarama ce. Abin da masu kiwon karnuka suka lura da shi shi ne, kwikwiyo yakan riƙe fitsari kamar awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa, watau ɗan wata biyu da ƙyar ya wuce awa biyu. Saboda haka wanda ya fita kasuwa tun safe sai magariba, dole ya wakilta wani. Babban yaro mai hankali ya isa wannan aiki. In an ga kwikwiyo yana shinshina ƙasa yana kewaye wuri guda, to, alama ke nan, a yi maza a kai shi. In an kama shi yana cikin yi a inda bai dace ba, a tafa hannu a ce "Kai!", a ɗauke shi zuwa makewayinsa. In kuwa ba a gani ba sai daga baya, a yi shiru, a kwashe, a wanke wurin da sabulu sosai, domin hancinsa ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma inda ya ji warin fitsarinsa nan zai koma. Sa'ad da ba mai lura da shi, a tsare shi a rumfarsa, gama kare ba ya son ɓata wurin kwanansa. Wanda ya bi wannan tsari zai ga canji cikin makonni kaɗan, amma kafin a ce an gama sai kwikwiyo ya kai wata huɗu zuwa shida. Sannu ba ta hana zuwa.

Abinci ma da ƙa'ida. Sau 4 a rana har ya cika wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2 ya isa. In lokacin ci ya daidaita, lokacin kashi ma zai daidaita. Kunu da tuwo mai laushi sun yi, amma a haɗa da ɗan nama ko kifi ko dafaffen ƙwai, don tsaba kaɗai ba ta gina jiki. Kada a ba shi albasa, tana lalata masa jini, kada kuma a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yakan tsage ya huda hanji. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, musamman a zafin Maris da Afrilu wanda mutanen Mubi suka sani. A ware masa kaskonsa na ci da na sha. Karen da ya saba da nasa ba ya sa baki a ƙwaryar mutane, balle a shiga wanki bakwai.

Har wa yau, daga mako 3 zuwa kamar mako 12 ne kwikwiyo yake sanin su wane ne nasa. A wannan lokaci a bar shi ya saba da awakin da zai tsare, da kaji, da yaran gida, da maƙwabta. A hana yara jan wutsiyarsa ko tsokanarsa yana cin abinci. A ba shi suna gajere, a riƙa kiransa da shi, in ya zo a yaba masa.

Saura magana mafi nauyi, watau lafiya. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsu, suna samunta tun a cikin uwa, ƙwan tsutsar kuwa yana fita a kashi, yana iya shiga cikin yaron da ke wasa da ƙasa. Don haka a kwashe kashin kullum a binne, a kuma nemi likitan dabbobi ya ba da maganin tsutsa duk mako biyu har kwikwiyo ya cika wata uku. Shi ne kuma zai yi masa allurar cutar gudawar jini da ke kashe ƙananan karnuka, ya nuna maganin kaska da ƙuma.

Amma allurar da ba a wasa da ita ita ce ta ciwon haukan kare. Ana yin ta idan kwikwiyo ya cika wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kamar 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Abin takaici, maganin hana shi ba sabo ba ne. Tun a 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya ceci wani yaro, Joseph Meister, da allurar da ya haɗa. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Masana sun nuna cewa in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Gari irin Mubi, mai babbar kasuwar shanu, wanda ke dab da iyakar Kamaru, inda makiyaya da mafarauta ke kai da kawo da karnukansu, ya fi kowa bukatar wannan, domin ciwo bai san iyaka ba.

In kuwa ƙaddara ta sa kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar domin a fara allura. Kada a tsaya shafa toka ko saiwa, kada kuma a jira a ga abin da zai faru. Karen a tsare shi kwana 10 ana dubansa, a sanar da likitan dabbobi.

Saboda haka Malam, ka ajiye sanda, ka ba uwargida haƙuri, ka nemi ta ba ka wata guda. Ka kai kwikwiyon asibitin dabbobi a wannan mako, in lokacin allurar haukan kare ya yi a ba ka takardar shaida, ka nuna wa maƙwabcinka don hankalinsa ya kwanta. Muna jiran ka sake rubuto mana yadda aka ƙare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan tumakinmu. Mu kwana nan.