Hakkin Mai Jin Yunwa A Kan Gwamnati: Abin Da Ya Faru A Amurka, 1929 Zuwa 1939

Duk sa'ad da kasuwa ta mutu, aiki ya yi wuya, sai wata tsohuwar gardama ta taso a majalisun duniya. Shin wajibi ne Gwamnati ta buɗe baitulmali ta ciyar da wanda ya rasa abin yi, ko kuwa wannan nauyi ne na dangi da maƙwabta da masu sadaka? Babu ƙasar da aka gwada amsoshin nan biyu, ɗaya bayan ɗaya, a fili kowa yana gani, kamar Amurka tsakanin 1929 da 1939. Shugabanni biyu suka riƙe ta cikin shekarun nan, watau Herbert Hoover da Franklin Roosevelt, kowannensu kuwa da tasa amsa. Ya kamata masu karatu su san abin da kowane ya yi, da abin da ya biyo baya.

Masifar ta fara bayyana cikin watan Oktoba 1929, sa'ad da kasuwar hannun jari ta birnin Niyok ta faɗi. Mutane da yawa sun sayi hannun jari da kuɗin rance, suna tsammani kullum farashi hawa zai yi. Da ya juya, sai kowa ya nemi sayarwa, ba mai saye. Daga nan ciwo ya bi jiki. Ma'aikatu suka rage ma'aikata, waɗanda aka sallama suka kasa sayen kome, kaya suka yi kwantai, aka ƙara sallamar waɗansu. Bankuna kuma suka shiga rushewa, gama da zarar an ji ƙishin-ƙishin wani banki ya raunana, sai masu ajiya su yi masa ca, kowa yana neman nasa, alhali kuwa ba bankin da ke tara kuɗin mutane duka a akwati. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9,000 suka rufe. A 1933, cikin kowane mutum huɗu masu iya aiki ɗaya ba shi da abin yi, watau kimanin mutum miliyan 13. Guguwar ba ta tsaya can ba, har mu nan ta iso mu: kuɗin gyaɗa ya faɗi a Kano, aka sallami leburorin kuza a Jos, biyan haraji ya zama wahala ga talaka.

Kada mai karatu ya ɗauka Hoover mutum ne marar tausayi ko marar sanin aiki. Maraya ne, ya tashi da ƙoƙarin kansa har ya zama injiniyan haƙar ma'adinai. Cikin yaƙin duniya na farko shi ya shirya ciyar da mutanen Beljiyam, a 1921 kuma ya kai abinci Rasha lokacin yunwa. Da za a nemi gwanin rabon agaji a duniya ran nan, da shi za a nuna. Amma yana da aƙida guda wadda ya riƙe gam, ita ce in babbar Gwamnati ta fara ba talaka kuɗi hannu da hannu, za ta kashe masa zuciya, ta koya masa zaman jiran tsammani. A ganinsa agaji aikin garuruwa ne da jihohi da ƙungiyoyin taimako. Saboda haka ya tara manyan masu ma'aikatu ya roƙe su kada su rage albashi, ya ƙara waɗansu ayyukan gine-gine, ya yi ta gaya wa jama'a sauƙi na nan tafe.

Inda aƙidar nan ta fito sarari shi ne lokacin farin 1930, wanda ya ƙone gonaki a jihohi da yawa, musamman Arkansas. Majalisa ta ware dala miliyan 45 don a ranta wa manoma su sayi iri da abincin dabbobi, Hoover ya yarda. Da aka ce a ƙara kuɗin da za a saya wa mutanen kansu abinci, sai ya ƙi, ya ce wannan aikin ƙungiyar Red Cross ne. Abokan hamayya suka sami abin faɗi, suka ce Shugaba ya yarda a ciyar da alfadari, ya hana a ciyar da mai alfadarin. Ko da maganar ta yi tsanani, ta kama zukatan mutane.

Bai zauna hannu rabbana ba har ƙarshe. A Janairu 1932 ya kafa wata hukuma mai ranta wa bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa kuɗi, a Yuli kuma ya sa hannu a ranta wa jihohi dala miliyan 300 don agaji. Amma rance ne, da sharuɗɗa masu tsauri, kuɗin kuwa bai fita da sauri ba, ga shi garuruwa da ƙungiyoyin taimako tuni aljihunsu ya ƙare. Waɗanda aka kora daga gidajen haya suka kakkafa bukkokin kwano da katako a bayan gari, suka raɗa wa unguwannin sunan Hoover don ba'a. A wannan bazara dubban tsofaffin soja suka taru a Washinton suna roƙon a biya su ladan da aka yi musu alkawari sai 1945. Ran 28 ga Yuli 1932 soja, ƙarƙashin Janar MacArthur, suka kore su, aka ƙone bukkokinsu. Da zaɓe ya zo a Nuwamba, Roosevelt ya ci jihohi 42 cikin 48.

Abin mamaki, Roosevelt bai zo da wani shiri cikakke a aljihu ba. Lokacin neman zaɓe har zargin Hoover ya yi da kashe kuɗi fiye da kima. Ɗan masu arziki ne, bai taɓa kwana da yunwa ba, sai dai ya san wahala ta wata hanya, gama tun 1921 cuta ta kashe masa ƙafafu. Abin da ya bambanta shi da Hoover shi ne bai ɗaure kansa da aƙida ba: in an gwada wannan bai yi ba, a bar shi a gwada wancan. Ya kira shirinsa New Deal, watau sabon rabo.

Ya hau mulki ran 4 ga Maris 1933, bankunan jihohi da yawa suna rufe. Ran 6 ga wata ya ba da umurni a rufe na ƙasar duka. Ran 9 ga wata Majalisa ta zartar da doka cikin yini guda, a bincika littattafan kowane banki, a buɗe mai lafiya kaɗai. Daren Lahadi 12 ga wata ya yi magana ta rediyo, ya bayyana wa jama'a dalla-dalla, kamar yadda malami ke yi wa 'yan makaranta, abin da banki ke yi da kuɗin ajiya, da dalilin rufewa, da yadda za a buɗe. Kashegari da aka fara buɗewa, mutanen da suka kwashe kuɗinsu suka yi layi suna mayarwa. Kafin shekara ta ƙare an yi dokar da Gwamnati ta lamunci ajiyar ƙananan masu ajiya, tun daga nan rububin banki ya ragu ƙwarai.

Sa'an nan aka juya ga masu jin yunwa. A Mayu 1933 aka ware dala miliyan 500, kyauta ga jihohi, ba rance ba, aka damƙa rabon a hannun Harry Hopkins, wanda ya fara aika kuɗi tun ranar da ya kama aiki. Amma shi Roosevelt ma ba ya son a ba mai lafiya kuɗi yana zaune, ya fi son a ba shi aiki. Aka ɗebi samari marasa aure aka kai su daji suna dasa itatuwa da tare zaizayar ƙasa, ana biyan kowa dala 30 a wata, ana aika 25 ga iyayensa. Kafin a rufe shirin a 1942, samari wajen miliyan 3 sun shige shi. A hunturun 1933 zuwa 1934 aka ɗauki mutum miliyan 4 aikin wucin gadi. Babban shirin ayyuka da aka kafa a 1935 ya ɗauki fiye da mutum miliyan 8 kafin 1943, suka yi hanyoyi da gadoji da makarantu da asibitoci. A kwarin kogin Tennessee aka gina madatsun ruwa, lantarki ya shiga ƙauyuka. A Agusta 1935 aka yi dokar fansho ta tsofaffi da taimakon wanda ya rasa aiki, wadda har yau ana aiki da ita.

To, gaskiya ba ta cika sai an faɗi inda shirin ya gaza. Don a ɗaga farashin amfanin gona, a 1933 aka biya manoma suka nome auduga tana tsaye, aka karkashe aladu wajen miliyan 6, alhali ga mutane da yunwa. Kuɗin kuwa masu gona aka ba, da yawansu suka sallami talakawan da ke noma musu a raba, baƙaƙen fata na Kudu suka sha wuya ainun. Dokar fansho ma ta tsame 'yan ƙodagon gona da barorin gida, waɗanda su ne mafi yawan ma'aikata baƙaƙe. Kotun Ƙoli ta rushe dokar ma'aikatu a 1935, ta rushe ta noma a 1936. Da Roosevelt ya nemi ƙara alƙalai don ya rinjaye ta a 1937, mutanen jam'iyyarsa ma suka ƙi, suka ce Shugaba ya zarce iyaka. A shekarar nan kuma ya rage kashe kuɗi tun majinyaci bai warke ba, sai ciwo ya dawo, a 1938 marasa aiki suka koma kusan ɗaya cikin biyar. Rashin aiki bai ƙare sarai ba sai da yaƙin duniya na biyu ya buɗe ma'aikatun makamai.

In haka ne, me ya sa mutanen Amurka suka sake zaɓensa a 1936 da jihohi 46, suka kuma zaɓe shi har sau huɗu? Dalili shi ne talaka ba ya auna shugaba da ilimin tattalin arziki, da tukunyarsa ya ke auna shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ba ya kuwa manta wanda ya tsaya bakin gaɓa yana yi masa wa'azin iyo. Tsoron Hoover na mutuwar zuciya ba wofi ba ne, shi ya sa magajinsa ya fi ba da aiki bisa ga sadaka. Kuskurensa shi ne ya bar tsoron abin da zai yiwu gobe ya hana shi maganin abin da ke gabansa yau. Tun daga zamanin nan, duk Shugaban Amurka da kasuwa ta karye a hannunsa, kamar a 2008 da 2020, bai tsaya gardamar ko agaji hakkin Gwamnati ba ne, sai dai nawa za a bayar, wa za a ba.

Saura kalma guda ga ma'aikata da malaman makaranta. Dokar da aka sa wa hannu a Washinton ba ta zama abinci ba sai da ta bi ta hannun dubban akawuna da ma'aji, masu rubuta sunayen mabukata da biyan leburori ran Asabar. Inda suka riƙe amana agaji ya isa, inda son kai ya shiga mai hakki ya rasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka rajista mai kyau da lissafi mai tsabta tun lokacin yalwa a ke shirya su. Allah ya kiyashe mu da ganin irin wannan rana, amin.