SANA'O'IN HANNU: Mai Son Kafa Maƙera Ya Fara Da Iska

Duk wanda ya bi ta Titin Dilimi a birnin Jos da hantsi, ƙarar guduma ce za ta fara cika masa kunne, har ya zaci duka ne kaɗai aikin maƙeri. Amma tsofaffin maƙera ba sa miƙa wa sabon yaro masaba ranar da aka kawo shi. Zaunar da shi ake yi a bayan zuga-zugi, wata da watanni yana zuga, sai ya san muryar wuta. Saurayin da ya tara 'yan kuɗinsa yana son kafa maƙerarsa ta farko, in ya tsallake wannan mataki, gawayinsa da ƙarfensa ne za su biya kuɗin karatun.

Murhun kansa ba shi da wuya. Rami ne ɗan ƙarami, faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, a shafe shi da yumɓu ko ƙasar suri da aka cuɗa da dusar ciyawa, sa'an nan a tayar da ɗan gajeren bango a gefe guda don ya tare wa mai zuga zafi. Kada a sa bulon siminti, domin zafi na tsattsaga shi. Kada kuma a kwaso duwatsu daga bakin rafi, ko da yake dutse ba ya wuya a Jos, gama wanda ya sha ruwa yana iya fashewa cikin wuta ya ji wa mutum ciwo a ido. A bar ginin ya bushe a inuwa kwanaki, musamman da damina, kana a fara gasa shi da 'yar ƙaramar wuta.

Inda aikin yake shi ne hanyar iska. Ta ƙarƙashin bangon nan ake ratsa bututun yumɓu, raminsa kamar kaurin babban yatsa ko ya ɗara kaɗan, bakinsa ya ɗan sunkuya zuwa gindin wuta. Wannan dabara ta girmi garin Jos nesa ba kusa ba. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya yi tono a Taruga kusa da Abuja a shekarun 1960, ya sami matoyan tama na mutanen Nok tare da irin waɗannan bututai, shekarunsu sun haura 2,000.

Zuga-zugi na gargajiya fatun awaki ne guda biyu, kowace da bakin itace ko na ƙarfe. Mai zuga yana buɗe saman fata da yatsunsa in ya ɗaga, ya matse in ya danna, hannu ɗaya na hawa ɗaya na sauka, don kada iska ta yanke. Akwai wani ɗan abu da sabon shiga yakan ɗauka kuskure ne ya tafi gyara shi: 'yar tazarar da ake bari tsakanin bakin zuga-zugi da bututun yumɓu. Da gangan ake barinta. In aka liƙe wurin, fata za ta zuƙo tartsatsi da hucin wuta ciki, ba ta kwana biyu ta ƙone.

Yawancin samari yanzu sun fi son fanka: a ɗaura tsohuwar ƙafar keke, a sa bel, yana juyawa da hannu fanka na hura iska. Dabara ce mai kyau, ba ta da tsada, kuma mutum ɗaya na iya aiki ba yaro. Wanda ya sayi ta lantarki kuwa lalle ya sa mata marfin rage iska a baki, ya kuma ajiye ta hannu kusa, saboda ranar da aka ɗauke wuta ƙarfe na cikin murhu.

To, iska nawa ce daidai? Abin da wuta ke ci cikin iska shi ne iskar oksijin, wadda ba ta wuce kashi 21 cikin 100 ba. In iska ta yi kaɗan, gawayi zai yi ta hayaƙi, ƙarfe ya tsaya a ja mai duhu, a yi ta duka ba ya tafiya. In ta yi yawa, ragowar oksijin da gawayi bai cinye ba sai ta koma kan ƙarfen, ya yi ta zubar da ɓawo yana ramewa. Ƙarfe ya fi jin guduma sa'ad da ya koma ruwan lemo zuwa rawaya, watau wajen digiri 900 zuwa 1,200. Da ya yi fari yana tartsatsi kamar wasan wuta, ya ƙone ke nan, sifirin motar da aka sayo da tsada a wurin 'yan gwangwan ya tashi a banza. Shi ya sa ba a kara ƙarfe a bakin bututu. A bar gawayi kamar yatsa uku tsakaninsu. Ba mamaki Bahaushe ya ari kalmar zuga ya ba mai ingiza mutum har ya wuce gona da iri.

Jos kuma tana da nata hali. Garin na bisa tudu kimanin mita 1,200 daga bakin teku, iskarsa ta fi ta Ikko rashin nauyi da fiye da kashi 10 cikin 100. Saboda haka zuga ɗaya a nan ba ta kai wa wuta abincin da za ta kai a can ba, kuma wanda ya koyo ƙira a wani gari sai ya ɗan ƙara hannu. Gawayi ma da zaɓi. Na ƙirya maƙera suka fi so, don yana da nauyi yana riƙe zafi. A farfasa shi kamar girman goro, iska ta sami hanyar ratsawa.

Sauran abu biyu sun shafi rai. Na farko, kada a sa bututun famfo mai farin shafi inda wuta za ta taɓa shi, domin shafin tutiya ne, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Na biyu ya fi haɗari, kuma sanyin Jos ne ke jawo shi. A watan Disamba da Janairu mutum yakan so ya ja ƙofar shago ya ji ɗumi. Gawayi mai ci a rufaffen ɗaki yana fid da wata iska marar launi marar wari, wadda takan fara da ciwon kai da jiri, ta kwantar da mutum bai sani ba. Maƙera rumfa take so, buɗe ta gefe biyu aƙalla, kowane irin hunturu ake yi.

Ranar hura wutar farko, ya kamata saurayi ya roƙi wani dattijon maƙeri ya zo ya zauna masa, ya gwada da guntun rodi kafin ya taɓa ƙarfe mai tsada. In rodin ya yi rawaya cikin 'yan mintoci, fata ba ta yi zafi ba, bututu bai tsage ba, to, ya iya karɓar aikin fartanya da lauje daga manoman dankali da kabeji da ke ban ruwa a bakin tsofaffin kududdufan kuza na Bukuru.