Shawarar wata: kayan zango da na amalanke, mu yi musu shaida

 

Aikin gona ya ƙare, lokacin tafiya ya zo. Manomi ya ɗaura ma jaki ko sa amalanke, ya nufi kasuwa da hatsi da wake. Wani zai ci kasuwar Maraɗi ran litinin ko juma'a, wani ta Damagaram ran alhamis, wani ta Tawa ran lahadi. Wanda garinsu ke da nisa, tilas ya kwana bisa hanya. Makiyayan da sunka hau arewa da damana, har wasu sunka kai Ingal wurin lasar gishiri cikin watan satumba, yanzu sun juyo kudu suna jiran a saki gonaki. Ƴan bida su ma sun ɗaure kaya. Duk mutanen nan abu guda ya haɗa su: za su kwana inda babu katanga, babu ƙyaure. Shi ya sa a wanga wata za mu yi magana bisa satar kayan zango da kayan abin hawa.

Abin da ɓarawon zango ke nema

Ɓarawon zango ba ya son kaya mai nauyi. Yana son abin da zai ɗauka da sauri, ya saida gobe a wata kasuwa, ba wanda ya gane shi. Jikin amalanke yana neman taya, da famfon iska, da sufana, da tamfol. Jikin babur yana neman batir, da madubi, da fitila, da man da ke cikin tanki. Wurin kwana yana neman bargo, da sange, da tocila, da rediyo, da wayar hannu, da allon hasken rana wanda ake ce ma pano. Wurin makiyayi kuwa yana neman guga, da igiyar rijiya, da bido, da sirdi.

Kada mu ce ƙananan abubuwa ne. Amalanken da anka cire ma taya guda ya zama gadon ƙarfe cikin daji, ga buhuna bisa, ga kasuwa tana ci. Makiyayin da ya tashi babu guga babu igiya, garkensa zai yini bakin rijiya da ƙishirwa. Abin da anka ɗauka ƙarami ne, amma asarar da ya jawo babba ce.

To, mi ya sa waɗanga kaya ke da daɗin sata? Don duk kamarsu ɗaya. Bido ruwan ɗorawa ya yi kama da bido dubu. Taya baƙa ce ko'ina. In ka ga taka a hannun wani, da mi za ka tabbatar taka ce?

Makiyaya sun riga mu sanin magani

Ku dubi raƙumi. Yana ɗauke da wutar gidansu a wuya ko a cinya. Ku dubi saniya da tsagar kunnenta. In anka kai su kasuwa, dillali ya duba shaida ya san inda sunka fito. Ɓarawo ya san haka, shi ya sa dabba mai shaida ke ba shi wuya. Abin da kakanninmu sunka yi ma dabba, shi za mu yi ma ƙarfe da roba da tufa.

Kowane kaya a yi mishi shaida 2: ta fili da ta ɓoye. Ta fili tana korar ɓarawo tun daga nesa. Ta ɓoye ita ke raba gardama gaban maigari.

1. Amalanke: a rubuta suna da sunan gari da fenti bisa allon gefe, da manyan baƙaƙe. Sa'annan a je wurin maƙeri ya buga alamar gida da kurfi bisa ƙarfen da taya ke zaune, ta wajen ciki, da kuma ƙarƙashin gindin amalanke. Fenti yana kankaruwa, amma bugun kurfi ba ya fita sai da wahala.

2. Taya: kada a ɗora mata ƙarfe mai zafi. Wuta tana raunana gefen taya, wata rana ta fashe da kaya bisa. Fenti ya isa.

3. Bido da bokiti: a zana alama kusa da marfi da kuma a gindi. A yi zanen sama-sama don kada ya huje.

4. Bargo, sange da tamfol: a ɗinka zare mai launi a kusurwa guda, cikin lanƙwasar baki, inda ido ba ya kai.

5. Igiyar rijiya: a saƙa ɗan ƙyalle ko ɗan jan zare cikinta, taki 3 daga baki.

6. Pano: a yi shaida a bayansa da bisa ƙarfen gefensa. Kada a shafa fenti bisa gilashi, don zai rage wutar da yake badawa.

Shaidar ɓoye a nuna ta ga mutum 2 masu amana, kamar maigari ko arɗo da wani maƙwabci. In mai kaya kaɗai ya san ta, ba ta da ƙarfi ranar gardama.

Lambobin da kaya ke zuwa da su

Wasu kaya sun zo da shaidarsu tun daga ma'aikata. Aikinmu shi ne mu nemo ta, mu kwafe.

Babur yana da lamba 2. Ta farko tana bugge a wuyansa, ƙarƙashin kai, galibi baƙaƙe da alƙaluma 17 ne. Ta biyu tana jikin inji, daga ƙasa. Farantin lamba na baya ana kwance shi cikin minti guda, amma waɗanga suna cikin ƙarfe. Mai babur ya duba ko lambar wuya ta yi daidai da wadda ke cikin takardarsa, wato kart giriz.

Wayar hannu tana da lamba mai alƙaluma 15. A danna *#06#, za ta fito bisa fuskar waya. Ko an canza layi, wagga lamba tana nan.

Taya tana da rubutu a gefe. A nemi baƙaƙen DOT. Alƙaluma 4 na ƙarshen layin suna faɗin mako da shekarar da anka yi ta. Misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayu da yawa suna da lamba iri guda, saboda haka ita kaɗai ba ta isa ba, amma in ta haɗu da fentinka ta zama hujja.

Pano da rediyo galibi suna da ƴar takarda manne a baya, da lamba bisa. Ita ma a kwafe.

A ware shafi guda na littafi. A rubuta sunan kaya, da lambarsa, da shaidar da anka yi mishi, da ranar da anka saye shi. A yi kwafi 2: guda cikin aljihu, guda a gida tare da takardun ciniki. Wanda ya ɗauki hoto da waya ya kyauta, amma ya tuna ita ma wayar ana sace ta. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya sa ɗansa ko maƙwabci ya rubuta, ya karanta mishi a gabansa.

A ce mutum 2 sun zo gaban maigari suna jayayya bisa taya guda. Na farko yana ta rantsuwa. Na biyu ya ce: "Ku juya ƙarfen, za ku ga alamar ƙafar kaza ta wajen ciki, kuma ga lambar taya cikin littafina." Jama'a, wa za a ba?

Sarƙa da kwaɗo

Shaida tana taimako a gane kaya. Sarƙa kuwa tana ɓata ma ɓarawo lokaci, kuma shi ba abin da ya ƙi kamar daɗewa wuri guda.

In za a kwana, a zura sarƙa cikin hujin ƙarfen taya, a zagayo da ita jikin amalanke, a sa kwaɗo. Haka ko an kwance noti, taya ba ta fita. In amalanke zai daɗe ajiye ba aiki, a cire taya guda a kai ɗaki.

Babur kuwa, makullin wuya kaɗai ba ya isa. Ƙarti 2 suna ɗaga shi cak su jefa cikin mota. A ɗaure shi da icce ko da amalanke. Sarƙa ta bi ta tayar baya da jikin babur, don tayar gaba tana da sauƙin cirewa. A rufe makunnin mai, a cire hular buji a sa aljihu.

Kada a bar kwaɗo kwance ƙasa. In ya samu dutse ƙarƙashinsa, guduma guda ta ishe shi. A ɗaure sarƙa tamau yadda kwaɗo zai yi reto. In rairayi ya shiga ramin makulli, kada a zuba mai, don mai yana kama ƙura. A kankare bakin fensir, a hura garin ciki, zai saki.

Famfo, sufana da madubi ba su kwana jikin abin hawa. A haɗa su cikin buhu guda, a yi matashin kai da shi.

Yadda ake shirya wurin kwana

A sauka da sauran rana, don a ga wuri da kyau. In da gari kusa, a gaida maigari, a nemi masauki. A kasuwa a tambayi sarkin kasuwa inda fatake ke kwana. Wanda ya keɓe kansa cikin duhu don kada ya biya ɗan kuɗɗin mai gadi, ya yi ma ɓarawo gata.

A tara kaya tsakiya, mutane su kwanta kewaye. A zura igiya guda cikin hannuwan bido duka, a sa bakinta ƙarƙashin tabarma. A rataya gwangwani da ƴan tsakuwa ciki jikin tamfol: kowa ya taɓa, zai yi ƙara. Pano ya sha rana inda ido ke ganinsa, da dare a shigar da shi ƙarƙashin shimfiɗa. Waya da kuɗɗi su kwana jikin mai su.

In kun kai mutum 3, ku raba dare kashi 3. Mai tsaro ya zauna, kada ya kishingiɗa, kuma ya ɗan nisanci wuta, don mai kallon wuta ba ya ganin abin da ke cikin duhu. Kafin a kwanta a share rairayin da ke kewaye da reshe. In wani ya zo, sawunsa zai fito sarai.

Ba da dare kaɗai ake sata ba. Lokacin cin abinci, da lokacin da ciniki ya yi zafi, da lokacin lodi, hankali yana rabuwa. Kullum a bar mutum guda wurin kaya. Baƙo in ya zo, a ba shi ruwa, a ba shi shayi, amma kada a buɗe ajiya gabansa.

Mai shiga babbar mota ya ƙirga ƙunshinsa gaban yaron mota, ya rubuta suna da gari bisa kowane. Duk tashar da anka tsaya sauke kaya, ya sauka ya duba. Wani kaya ba sace shi ake ba, sauke shi ake a garin da ba nasa ba.

In abin ya auku

Kada jama'a su tattake wurin. A kife ƙwarya bisa sawun da ya fito da kyau, a kira masu bin sawu. A sanar da maigari ko sarkin tasha nan take, sa'annan a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda, da littafin lambobi a hannu. A gaya ma makanikai da masu facin taya na kasuwannin kusa, don ta hannunsu irin waɗanga kaya ke bi.

In an kama wanda ake tuhuma, kada a buge shi. A miƙa shi ga hukuma. Duka cikin duhu ya sha faɗawa bisa marar laifi, kuma wanda ya ji ma mutum rauni, shari'a za ta juyo kansa ko da shi anka yi ma sata.

Mai saye shi ne uban ɓarawo

Ga magana ta ƙarshe, kuma ta shafe mu duka. Ɓarawo ba ya cin taya, ba ya shan batir. Saidawa yake, kuma mu ne masu saye. In wani ya kawo maka batir da dare a rabin kuɗɗinsa, ka san ba daga kanti ya fito ba. Dokar ƙasa tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata ko ya ɓoye su da saninsa. Hausawa ma sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Kafin ka sayi tsohon kaya, ka juya shi ka nemi shaida. In ka ga wurin da anka kankare suna ko anka goge lamba, ka bar shi. Ka yi ciniki da rana, gaban shaidu, a rubuta takarda da sunan mai saidawa da garinsu. Babur kuwa, in babu takardu babu ciniki. Arahar da ka samu yau, hawayen wani ɗan'uwa ce da ke tsaye cikin daji da amalanke mai ƙafa guda. Gobe yana iya zama kai.

Muna roƙon masu gari da arɗo-arɗo su tada wagga magana wurin taro. Kowane gida ya zaɓi alamarsa, a rubuta su duka cikin littafi guda wurin maigari. A tsaida rana guda kafin kasuwa mai zuwa, a kira maƙeri, a haɗa kuɗɗin gwangwanin fenti, a yi ma kayan gari duka shaida. Aikin yini guda ne.

Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi gida da kayansa cif. Sai wata mai zuwa.